Sauro Masu Igiya

Akwai mutanen da Allah ya ba su baki ya hana su kunne, to Angama shi ne limaminsu. Ba sunan yanka ba ne, mutane ne suka laƙa masa, domin ko me ka kawo masa, kafin ka rufe baki ya ce, "An gama!" Bai ji ƙarshen bayani ba, bai ga abin ba, amma shi a wajensa magana ta ƙare.

Aikinsa a cibiyar binciken cututtuka wankin kwalabe ne. Ya wanke, ya ɗauraye, ya jera su cikin ƙatuwar tukunyar da ke turara kayan aiki, ya goge tebura, ya kankare ƙanƙarar firiza. A wajen wanki kam ba shi da na biyu, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma in ya koma unguwa ya zauna a rumfar Mai Faci, sai ka ji, "Yau ni da Farfesa mun sha fama da wani jini." Gaskiya ne kuwa. Farfesa ya duba jinin, shi ya wanke gilashin.

A ƙarshen barandar cibiyar akwai ɗakin kiwon sauro. Ƙofa biyu gare shi, da labulen raga a tsakani. Ciki kejuna ne na raga a jere kan tebura, kowane da hannun riga da ake zura hannu ta ciki, a sama kuma auduga jiƙe da ruwan sukari. Ga farantan ruwa na tsutsotsin sauro, ga na'urar ɗumama ɗaki, ga wata tana fesa raɓa ba dare ba rana. Matar da ke kula da ɗakin ta daɗe a nan har an manta sunanta, Uwar Sauro kowa ke ce mata. To sai haihuwa ta zo mata, dole ta tafi hutu.

Farfesa, shugaban cibiyar, ya tara ma'aikata ya ce wa zai riƙe ɗakin. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa, don ɗakin zafi ne da shi kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Hannu ɗaya ne ya tashi.

Farfesa ya dubi hannun, ya dubi mai hannun, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Angama, baƙi za su zo ganin gwajin sabon gidan sauron da muka haɗa wa magani. Ka riƙe mini sauron nan da rai har ranar. In sun kai lafiya, ka bar wanki, ka zama mataimakinta na dindindin. In ba su kai ba, ka koma kan kwalabenka, kuma kada ka sake ɗaga mini hannu."

"An gama, ranka ya daɗe!"

Uwar Sauro ta ja shi ɗakin tana dafe da ƙugu. Ta ce, "Ka saurare ni da kyau. Sauron nan da kake gani, kakannin kakanninsu a ɗakin nan aka haife su. Ba su san kwata ba, ba su taɓa shaƙar maganin ƙwari ba, shi ya sa ake gwaji da su. In suka mutu, babu inda za ka samo irinsu a garin nan. Duk abin da ka tarar, ka bar shi yadda ka gan shi. Ka ga kwanukan nan da ke ƙarƙashin..."

"Haba Hajiya! Sauro fa? Ni da na girma a bakin kwata? Ki je ki haihu lafiya, Allah ya raba lafiya."

Ta buɗe baki za ta ƙarasa, ya riga ya karɓe mabuɗi yana kaɗa shi a ɗan yatsa.

Da yamma bai ko shiga gida ba, rumfar Mai Faci ya nufa. Mai Faci maƙwabcinsa ne tun suna samari, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda a kan magana ɗaya ba.

Angama ya zauna kan taya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "To, sai ku fara koyon gaisuwa. An ba ni sashe guda. Ma'aikata dubbai a ƙarƙashina."

Mai Faci bai ɗago daga tayar da yake lalube ba. "Dubbai? Suna gaishe ka kuwa?"

"Da waƙa ma suke tarbata."

"Albashinsu fa?"

"Sukari da jini."

"Af! Ashe 'yan siyasa aka ba ka."

A gida matarsa ta ji labari, ta riƙe haɓa. "Malam, sauron da ke hana mu barci kyauta, shi ne wasu ke ba shi sukari?" Amma ta ji daɗi har cikin ranta, domin ta gaji da jin matan unguwa suna ce mata matar mai wankin kwalba. Kafin gari ya waye ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta gaya wa duniya.

Ranar farko Angama ya shiga ɗakin, zufa ta karyo masa tun daga ƙofa ta biyu. Ya ce, "Wannan ai zalunci ne! Ko ɗan fursuna ba a yi masa haka." Ya kashe na'urar ɗumi, ya kashe mai raɓa, ya je ofis ya sungumo fanka ya saita ta kan kejuna. Sauro suka manne jikin raga kamar shanya a ranar iska. Ya ce, "Yawwa, ku sha iska. Kun samu shugaba mai imani."

Sai idonsa ya sauka ƙasa. Kowace ƙafar tebur tana tsaye ne cikin wani ɗan kwano mai mai a ciki, ya yi baƙi, ƙura ta kwanta a kai. Zuciyar mai wanki ta motsa. "Kai, mata! A ce shekara da shekaru ana zaune da ƙazanta haka?" Ya ɗaga tebura ɗaya bayan ɗaya, ya zare kwanukan, ya wanke su da sabulu har suna ɗaukar ido, ya kife su a kan kanta. Ya tsaya yana kallon aikinsa, har tausayin cibiyar ya kama shi da ta daɗe ba ta gane shi ba.

Kwanukan nan kuwa su ne katangar da ke hana kiyashi hawa.

Da safe ya buɗe ƙofa, sai ga layin kiyashi tun daga tsagar bango har saman kejuna, masu hawa na hawa, masu saukowa kowane da guzurinsa, wani ƙafar sauro, wani fiffike. Angama ya yi salati. Ya kai duka da tsumma, suka watse suka sake haɗuwa. Ya taka, suka hau wandonsa. Ya fita a guje zuwa shagon tsallaken titi, ya dawo da gwangwanin maganin ƙwari a cikin riga.

Ya ce wa sauron da suka rage, "Ku kwantar da hankalinku, ƙasa kawai zan fesa."

Ƙasa kawai ya fesa, ba a yi masa ƙarya ba. Fankar ce dai ba a yi shawara da ita ba. Ta kwashi maganin ta raba wa kowane keji rabonsa, kafin ya rufe gwangwani ɗakin ya yi tsit. Garin neman gira an rasa ido.

Yana tsaye baki buɗe aka ƙwanƙwasa ƙofar waje. Muryar Farfesa ce. "Angama, yaya yaranmu?"

Angama ya leƙo da kai kawai ta labulen raga. "Barci suke, ranka ya daɗe."

"Dukansu?"

"Sun ƙoshi ne. Kuma Hajiya ta ce a rage shige da fice, yana tayar musu da hankali."

Farfesa yana da taro a gabansa, ya gyaɗa kai ya wuce. Angama ya jingina da bango. Ya tuna kwalabe, ya tuna matarsa, ya tuna dariyar Mai Faci, wadda ita ce ta fi komai ciwo. Sai kuma ya tuna tulin tsofaffin tayoyin da ke bayan rumfar, cike da ruwan sama. Nan take fuskarsa ta washe. Sauro ai sauro ne. Wa ya taɓa tambayar sauro takardar haihuwa?

Ya isa rumfar da jarka biyu. "Bincikenmu ya kai matakin da muke neman sabon jini. Na ce wa Farfesa kada a je nesa, ina da mutum."

Mai Faci ya dube shi sama da ƙasa. "Na wajenku sun mutu ke nan."

"Wa ya ce sun mutu? Aure za mu haɗa."

"To su waye dangin ango?"

"Kai dai ba ni ruwan taya. Ranar da manyan baƙi za su zo, duk wanda ya ba da gudummawa za a gayyace shi, a ambaci sunansa a lasifika."

Wannan kalma ta lasifika ita ta jawo masa. Kafin ya cika jarka ɗaya labari ya zaga. Mai wankin mota ya kawo bokitin ruwan kwatarsa, tela ya kawo na tsohuwar randa, wata tsohuwa ta aiko da na kaskon kajinta ta ce a gaya wa Farfesa in yana son manya ma ya turo mota, ɗakinta cike yake. Angama ya ɗaure jarkoki a bayan keke, ruwa na fantsama a bayan rigarsa. Mai gadin cibiya ya toshe hanci ya ce mene ne wannan, ya ce masa sirrin aiki ne, ba na masu gadi ba.

Ya juye ruwan a farantai. Tsutsotsi suka yi ta wutsil-wutsil, gwanin sha'awa. A cikinsu akwai wasu ƙatti masu manyan kawuna da jela. Angama ya tafa hannu. "Waɗannan in suka fashe, ai sai dai a sa musu linzami!" Ya ware musu faranti mafi kyau, yana ɗebo ƙananan yana zuba musu don su yi abota. Kullum ƙananan na raguwa, ƙattin na ƙiba. Ranar da ya ga sun fito da ƙafafu, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sai ɗaya ya yi tsalle ya dira a kan takalminsa. Talibambam ne yake ta kiwo, sun zama kwaɗi. Ya bi su da rarrafe yana cusawa a aljihu yana zubarwa ta taga, waɗanda ya samu ke nan.

Sauran farantan dai Allah ya rufa asiri, sauro suka fashe, kejuna suka cika. Sai dai ba su yi kama da na da ba ko kaɗan. Na da sirara ne masu ladabi, sai dare suke neman abinci. Waɗannan baƙaƙe ne wuluk, da zanen fari a ƙafafu, kuma ba ruwansu da agogo. Na'urar da ke ɗumama musu jini a ƙarƙashin 'yar fata, Angama ya kasa gane kanta, ya kwance ta, ya kasa mayarwa. Sai ya naɗe hannun riga ya zura hannunsa cikin keji.

Wayyo! Ko sallama ba su yi ba.

Ya koma gida hannu ya yi suntum. Matarsa ta kama hannun tana juyawa. "Shugaban sashe, bore ma'aikatan suka yi?"

"Ƙauna ce. Ba ki san aikin kimiyya ba."

"Allah ya raba mu da irin wannan ƙauna." Ta shafa masa man zafi, ta ci gaba da gugar kayan da za ta sa ranar lasifika.

Ranar ta zo. Aka share babban ɗakin gwaji, aka ture injin juya jini gefe, aka jera kujeru tsakanin firiza da madubin duba ƙwayoyin cuta. Baƙi suka zauna, babbansu wani dattijo mai sanƙo da tabarau. A kan tebur ga akwatin gilashi, an shimfiɗa ƙyallen sabon gidan sauro a ciki. A waje kuwa, jikin tagogi, rabin unguwar Angama ne cikin kayan fita kunya. Mai gadi ya hana su shiga, suka ce ba komai, lasifika ai ana jin ta daga waje.

Farfesa ya yi bayani, ya ce duk sauron da ya sauka kan ƙyallen nan, kafin a ƙifta ido ya faɗi. Ya ce a kawo sauro.

Angama ya shigo da keji lulluɓe da farin ƙyalle, yana tafiya kamar mai ɗauke da tutar ƙasa. Ya ajiye, ya ɗan rusuna wa baƙi, ya ɗaga wa tagogi hannu, sannan ya yaye.

Farfesa ya matso. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya rage murya. "Angama, me nake gani haka?"

"Sauro, ranka ya daɗe."

"Na ga sauro. Zanen nan na ƙafafunsu fa?"

"Igiya ce irin ta soja, ranka ya daɗe. Ƙarin girma suka samu. Kulawa ce ta yi kulawa."

Jijiyar goshin Farfesa ta tashi, amma Babban Baƙo ya riga ya ce, "Bismillah, a ci gaba mana." Babu damar tsayawa.

Akwai wani siririn tiyo da ake zuƙo sauro da shi daga keji da baki, a hura su inda ake so. A tsakiyarsa akwai 'yar raga da ke tare su. Angama kuwa ya wanke tiyon tun da safe, ya ga wani abu ya toshe ciki, ya sa tsinke ya zungure shi. Ya zura tiyo cikin keji, ya dubi jama'a, ya ja numfashi iya ƙarfinsa.

Idanunsa suka firfito. Ya haɗiye, ya yi tari, ya sake haɗiyewa.

Babban Baƙo ya ce, "Ina sauron?"

Angama ya nuna maƙogwaronsa, hawaye na zuba. Daga taga Mai Faci ya ce, "Shugaba ya cinye ma'aikata!"

Ya sake gwadawa a hankali, ya samu 'yan kaɗan suka maƙale a tiyo, ya hura su cikin akwatin gilashi. Kowa ya miƙa wuya. Sauro suka sauka kan ƙyallen magani. Aka jira. Ɗaya ya ɗaga ƙafar baya yana gogewa. Wani ya yi tattaki daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo. Waɗannan da suka taso cikin hayaƙin kowane irin magani na unguwa, me ƙyalle zai yi musu? Babban Baƙo ya duba agogo, ya dubi Farfesa.

Angama ya ga shiru ya yi yawa. "Suna da tarbiyya ne, ranka ya daɗe. Ba sa mutuwa a gaban manya."

Ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici ya share zufa, sai ya ciro shi tare da ɗan kwaɗo. Kwaɗo ya dira kan tebur, ya sake tsalle ya sauka a cinyar wata baƙuwa. Ta kurma ihu ta miƙe, jakarta ta kwashi keji, keji ya faɗi ya buɗe.

Jama'a, ranar an ga rawa ba kiɗa. Sauro suka tashi baƙi ƙirin, ga yunwa ga tsoka ta zo har gida. A sanƙon Babban Baƙo suka fara yin masauki. Wannan ya mari kansa, wancan ya mari na kusa da shi ya ce yi haƙuri. Wani ya ɓuya bayan firiza, ya taka wayar wuta, firiza ta hau kuka. Wani garin gudu ya sarƙe da igiyar famfon wankan gaggawa, ruwa ya ɓarke a kansa. Farfesa na ihu a rufe ƙofa, baƙi na ihu a buɗe.

Cikin wannan hargitsi muryar Mai Faci ta keto ta taga, cike da alfahari. "Nawa ne! Wallahi na tayoyina ne! Ko cikin duhu na san cizonsu!"

"Har da na randata!" in ji tela.

Farfesa ya juyo a hankali. "Angama. Ina sauron cibiya?"

"Ranka ya daɗe, wato kiyashi ne suka..."

"Kiyashi ba sa hawa. Akwai kwanukan mai."

"Na wanke su, ranka ya daɗe. Sun fita tas."

Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sulale daga jikin taga. Angama ya gan ta, kuma wannan ya fi masa duk cizon da ya sha zafi.

Babban Baƙo kuwa, yana sosa sanƙo, bai bar kallon akwatin gilashi ba. Ya ce, "Farfesa, sauron da ya zauna kan maganin nan yana goge ƙafa, ai shi ne abin bincike. A kira mini mai tayoyin nan. Waɗanda suka kuɓuce kuma a kamo su da rai, kada a kashe ko ɗaya."

Aka rasa yadda za a tara su wuri ɗaya. Farfesa ya ce ai akwai wanda suka saba da jininsa. Ya miƙa hannu, Angama ya saka masa mabuɗin ɗakin sauro ba tare da an ce masa komai ba. Aka dasa masa kujera a tsakiyar ɗaki, aka naɗe masa wando har gwiwa, aka ce kada ya motsa. Sauro na sauka, ma'aikata na zuƙewa da tiyo mai raga.

Yana zaune a haka aka shigo da Mai Faci. Aka ba shi kujera mai laushi, aka kawo masa shayi, Babban Baƙo ya riƙe hannunsa mai baƙin mai aka ɗauki hoto. Aka ambaci sunansa a lasifika har sau biyu, unguwa ta ɗauki tafi. Sannan aka ce ya shiga motar baƙi, gidan gaba, ya kai su su ga tayoyin.

Zai fita, ya tsaya a gaban Angama, ya duba ƙafafun da suka yi ruɗu-ruɗu, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa kusa da kujerar.

"Shugaba, in ka gama shayar da su, ga kofina nan. An ce duk gidan nan ba wanda ya kai ka iya wanki."

Angama ya ɗaga hannu sama. Shi kansa bai san wa zai fara kai wa ba, sauron da ke kan gwiwarsa ko mutumin da ke gabansa.

Farfesa ya ce, "Kul! Dukansu biyu ina da aiki da su."